Wang Anshi: wazirin da ya ba manoma bashin gwamnati, har yau Sinawa ba su gama musu a kansa ba

Wai ya za a yi mutum ya fito da tsarin da zai raba talaka da masu bashi da ruwa, amma a ƙarshe talakan nan ya koma yana ɓuya in ya hango jami'in da ya kawo masa bashin? Tambayar da Sinawa suka fi shekara 900 suna ja-in-ja a kanta kenan game da wani wazirinsu mai suna Wang Anshi. Kuma in ka lura, duk inda hira ta kai kan gyaran tattalin arziki haka mutane ke rabuwa, wasu su ce ai niyyar mai kyau ce a ƙara haƙuri, wasu su ce da ma an bar mu yadda muke. A kan Wang ma haka ne, akwai masu ce masa ɗan gurguzu tun kafin a san gurguzu, akwai masu cewa shi ya jawo faɗuwar daular Song. Ni dai a ganina duka biyun sun yi wa labarin gajen haƙuri.

Da farko, waziri a daular Song ba irin wanda muka sani ba ne

In aka ce waziri hankalinmu kan tafi sarauta irin ta Wazirin Sakkwato, wadda ta zauna a gidan Giɗaɗo ɗan Laima ana gadonta. A daular Song, wadda aka kafa a 960, ba gado ake yi ba. Jarrabawa ake zaunawa, a ci, a turo ka gunduma ka yi shekaru kana hawa mataki-mataki, in sarki ya ga dama ya jawo ka fada. Kuma ba mutum ɗaya ba ne a kujerar, yawanci manyan wazirai biyu ne ko uku da mataimakansu. Sannan da gangan aka raba musu ƙarfi: harkar soja tana wata majalisa daban, harkar kuɗi tana wata hukuma daban, ga kuma jami'ai masu sa ido waɗanda aikinsu kenan su rubuta wa sarki laifin waziri. Wato waziri ba shi da wani ƙarfi sai yardar sarki. Ranar da sarki ya fara kokwanto a kanka, to ka fara haɗa kayanka. Ku riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan labarin.

Ramin da baitulmali ya faɗa

Song daula ce mai arziki sosai, babban birninta Kaifeng yana cikin manyan biranen duniya a lokacin, ga kasuwanci ga buga littattafai har da kuɗin takarda a yankin Sichuan. Amma gwamnatin kanta kullum aljihu a huje. A arewa akwai daular Liao ta mutanen Khitan, waɗanda tun yarjejeniyar 1005 ake ba su turmin siliki 200,000 da azurfa awo 100,000 duk shekara don a zauna lafiya, a 1042 ma aka ƙara. A arewa maso yamma ga Xia ta Yamma, ita ma tun 1044 ana ba ta nata. To amma wannan ba shi ne babban abin da ke cin kuɗin ba. Soja ne. Sama da mutum miliyan ɗaya ake biya albashi, da yawansu ma an ɗebe su ne lokacin yunwa don kada su zama 'yan tawaye, ba don sun iya yaƙi ba. Ga jami'ai sun yi yawa. Ga manyan masu gonaki sun san yadda suke ɓoye filayensu daga rajistar haraji, nauyin sai ya sauka a kan ƙaramin manomi.

A wannan halin ne Shenzong ya hau gado a 1067, matashi bai kai shekara ashirin ba, jini na tafasa, yana son ya cika baitulmali ya kuma rama wulaƙancin makwabta. Dattawan fada suka ce masa ranka ya daɗe a bi a hankali. Shi kuma ba wannan amsar yake nema ba.

Daga ina Wang ya fito

An haife shi a 1021, ɗan Linchuan ne a lardin Jiangxi na yanzu, babansa ƙaramin jami'i ne da ake ta yawo da shi gari-gari. Ya ci babbar jarrabawa a 1042, ya zo na huɗu. Abin da ya bambanta shi da sa'o'insa, kowa na fafutukar a kai shi babban birni, shi kuwa sai ya yi ta ƙin karɓar muƙaman fada yana zaɓar aikin karkara. A 1047 aka ba shi gundumar Yin, wajen Ningbo ta yau, ya yi ta zagaya ƙauyuka da kansa yana sa a gyara madatsai da magudanan ruwa, sannan ya buɗe rumbun gwamnati ya ba manoma rancen hatsi da ɗan ruwa kaɗan, su biya da kaka. Abin ya yi kyau. Manoma sun samu na rufin asiri, tsohon hatsin rumbu ya fita sabo ya shiga. Nan fa ya ɗauko yaƙinin da ya raka shi har kabari, cewa abin da ya yiwu a gunduma ɗaya zai yiwu a ƙasa baki ɗaya.

A 1058 ya rubuta wa sarki Renzong doguwar takarda da ake ce wa mai kalma dubu goma, yana cewa matsalar ƙasar ita ce ba ta horar da ma'aikatan da suka san aiki, ba ta kuma biyansu abin da zai hana su sata. Ba wanda ya kula.

Halinsa ma abin magana ne. Ba ruwansa da wanka ko wankin riga, abinci kuwa duk kwanon da ya fi kusa da shi shi zai ci. Ana ba da labarin matarsa ta sayo masa ƙwarƙwara, da ya tambayi matar ya ji mijinta ne ya sayar da ita don ya biya asarar jirgin hatsin gwamnati da ya nutse a hannunsa, sai ya mayar da ita ga mijin ya kuma bar musu kuɗin. Ko maƙiyansa ba su iya kama shi da cin hanci ba. Abin da suka kama shi da shi taurin kai ne, har laƙabi aka yi masa, waziri mai kafiya.

A 1069 Shenzong ya naɗa shi mataimakin waziri, a 1070 ya zama babban waziri. Abu na farko da ya yi shi ne kafa wani sabon kwamitin tsara kuɗi wanda ya tsallake tsofaffin ofisoshi, ya cika shi da matasa masu goyon bayansa irin su Lu Huiqing. Tun daga nan dattawa suka fara ɗaure fuska.

Bashin koren tsiro

Wannan ita ce dokar da ta fi kowacce tayar da ƙura, kuma duk wanda ya san ƙauye ba sai an yi masa dogon bayani ba. Akwai lokacin nan da rumbu ya ƙare, shuka na kore shar a gona amma ba abin ci, dole ka je wajen mai hali ka ci bashi, shi kuma ya yanka maka ruwa yadda ya so, wani lokaci har ninki. In kaka ba ta yi kyau ba gonar ce za ta tafi. Wang ya ce to gwamnati ta shiga tsakani. A ɗauki jarin rumbunan tsimi na gwamnati a riƙa ba manoma rance sau biyu a shekara, su biya da ruwa kashi 20 cikin ɗari lokacin da suke biyan haraji. Talaka ya huta da azzalumin mai bashi, ribar kuma ta shiga baitulmali maimakon aljihun attajiri. A takarda wallahi ba laifi.

To ga inda gizo ke saƙar. Tsarin yana da buri biyu a ciki, taimakon manomi da samar wa gwamnati kuɗi, kuma na biyun ne ake iya ƙirgawa. Ka sa kanka a matsayin mai gunduma. An turo maka jari daga sama, kuma ka san ƙarin girmanka ya dogara da nawa ka raba, nawa ka dawo da shi da riba. Talakan da ke matuƙar buƙatar bashin shi ne wanda ba lallai ya iya biya ba. Mai halin da zai iya biya kuma ba ya so. Me za ka yi? Sai ka tilasta wa mai hali ya karɓa, ka haɗa gidaje rukuni-rukuni su tsaya wa juna, in talaka ya gudu a kama makwabcinsa. Doka ta ce ba dole, amma a ƙasa dole ta zama. Kashi 20 ɗin ma na zango ɗaya ne ba na shekara ba, ga na goron magatakarda da masinja, kafin ka ankara ruwan ya yi sama. Kuma bambancin bashin attajiri da na hukuma, attajiri kana iya zuwa da dattijo a roƙe shi ya ɗaga maka ƙafa, hukuma kuwa bulala ce da kurkuku.

A 1070 tsohon waziri Han Qi ya rubuto daga Hebei yana cewa har mazauna cikin gari ana ɗora wa bashin. Aka ce sarki ya girgiza, yana tambaya ina mutanen birni suka ga tsiro da za a ba su bashin tsiro? Wang ya yi fushi ya shige gida ya ce ba shi da lafiya, ya nemi a sallame shi. Sarki ya lallashe shi ya dawo, doka ta ci gaba.

Sauran dokokin

Wadda ni na fi ganin ma'anarta ita ce ta aikin hukuma. A da gidajen karkara masu ɗan hali ake ɗora wa hidimar gwamnati bi da bi kyauta, kamar tsaron sito ko rakiyar kayan haraji zuwa babban birni, in kaya ya ɓace kai za ka biya, gidaje da yawa a nan suka talauce. Dokar 1071 ta ce kowa ya biya kuɗi gwargwadon ƙarfinsa a ɗauki ma'aikata da albashi, kuma har gidajen jami'ai da gidajen ibada da a da ba sa yin komai aka ce su ma su kawo rabi. Kun ga ai dole manya su ji haushi. Amma ita ma da nata ciwon, don da tsabar kuɗi ake biya, manomi kuma hatsi gare shi, sai ya kai kasuwa lokacin da kowa ke kaiwa ya sayar a wulaƙance.

Akwai tsarin baojia, gida goma rukuni ɗaya, hamsin babban rukuni, ɗari biyar gungu, ana koya musu harbi da sintiri irin na 'yan sa-kai don a rage dogaro da soja mai albashi. Akwai sake auna gonaki a 1072 don a tono filayen da aka ɓoye. Akwai aikin ban ruwa, sama da ayyuka 10,000 aka yi, wannan kam ko masu suka ba su cika musunta amfaninsa ba. Akwai ofishin kasuwanci na gwamnati da aka ce zai karya 'yan kasuwa masu ɓoye kaya, ya ƙare gwamnati na sayar da 'ya'yan itace da ƙanƙara a Kaifeng tana gasa da 'yan tireda. Sannan ya taɓa jarrabawa, ya cire tsara waƙa ya sa sharhin littattafai da tambayoyin mulki, wanda ba laifi, amma a 1075 sai sharhin da shi da ɗansa da mutanensa suka rubuta ya zama shi ne ma'aunin cin jarrabawar. Wato in kana son aiki sai ka yi tunani irin na waziri.

Su wa suka ja da shi

A nan ne masu ce masa gwarzon talakawa suke sauƙaƙa abin, su ce ai attajirai ne kawai suka taso masa. Da gaskiya a ciki, don an rubuta cewa da sarki ya ce manya ne ba sa son dokokin amma ina illarsu ga talaka, dattijo Wen Yanbo ya amsa masa cewa ai da malaman fada kake mulki ba da talakawa ba. Magana ta fito fili kenan. Amma jagoran 'yan adawa, Sima Guang, mutum ne mai gaskiya da gudun duniya kamar Wang ɗin, kuma abokinsa ne a da. Ouyang Xiu wanda ya taɓa yabon Wang ya gabatar da shi, shi ma ya ƙi bashin tsiron. Ga Su Shi, babban mawaƙin zamanin. Kai har ƙanin Wang, wato Wang Anguo, bai goyi bayansa ba.

Asalin saɓanin tun 1068 ya fito a gaban sarki. Wang ya ce wanda ya iya sarrafa dukiya zai wadata gwamnati ba tare da ya ƙara wa jama'a haraji ba. Sima Guang ya ce dukiyar da ke ƙasa adadinta ɗaya ne, in ba ta hannun jama'a to tana hannun hukuma, duk abin da ka ga ya ƙaru a baitulmali daga aljihun wani ya fito. A ilimin tattalin arziki na yau Wang ya fi kusa da daidai, dukiya tana haɓaka. Amma a abin da ya faru a ƙauyuka da yawa, maganar Sima ce ta tabbata.

A 1070 Sima ya rubuta masa wasiƙu uku yana zarginsa da shiga hurumin wasu ofisoshi, tayar da fitina, neman riba da ƙin jin shawara. Wang ya ba shi gajeriyar amsa ya musanta duka huɗun, ya ce surutun mutane kam dama ya san za a yi. Ana ma jingina masa cewa bala'in sama ba abin tsoro ba ne, al'adar kakanni ba dole a bi ta ba, maganar mutane ba abin damuwa ba ce, ko da yake ta bakin abokan hamayyarsa wannan ta yaɗu. Sima ya tattara ya koma Luoyang ya yi shekara 15 yana rubuta tarihi. Sauran masu suka aka yi ta tura su larduna. Kuskuren Wang mafi girma a wajena kenan: da ya kori masu gaya masa gaskiya, waɗanda suka rage su ne masu cewa to ranka ya daɗe, kuma cikinsu akwai 'yan neman shiga da ba gyaran ne ya dame su ba.

Zanen da ya kayar da waziri

Daga 1073 zuwa 1074 aka yi mummunan fari a arewa. Mutane suka bar ƙauyuka suka yi ta kwarara Kaifeng, kuma duk da haka ana bin su bashi. Wani ƙaramin jami'i mai kula da ɗaya daga ƙofofin birnin, Zheng Xia, wanda Wang ɗin ne ma ya taɓa ɗaga shi, kullum a gabansa suke wucewa, tsumma a jiki, wasu na cin saiwa da ɓawon itace, wasu da mari a ƙafa suna ɗauke da itacen rufin ɗakinsu za su sayar su biya hukuma. Sai ya zana abin da ya gani, ya saka a saƙon gaggawa don kada a tare a hanya, ya rubuta cewa a dakatar da dokokin, in ba a yi ruwa cikin kwana goma ba a sare masa kai. Sarki ya ga zane ya kasa barci. Kakarsa da mahaifiyarsa suka sa shi gaba da kuka suna cewa Wang ya hargitsa ƙasa. Ya dakatar da wasu dokokin, kuma kamar yadda marubutan tarihin suka rubuta, aka yi ruwa bayan 'yan kwanaki.

An dawo da dokokin ba da daɗewa ba, Zheng Xia ma aka kore shi kudu, amma yardar nan ta riga ta tsage. Wang ya sauka a 1074. Aka dawo da shi a 1075, ya tarar yaronsa Lu Huiqing ya ɗanɗana kujera yana yi masa zagon ƙasa. A 1076 ɗansa Wang Pang ya rasu, ya ajiye aiki gaba ɗaya ya koma Jiangning, Nanjing ta yau, yana yawo a kan jaki, yana rubuta waƙa da karatun addinin Buddha. A 1084 Su Shi, wanda ya sha ɗauri da kora a hannun mutanen Wang, ya biyo ta wajensa suka yi kwanaki suna hira kamar ba abin da ya taɓa haɗa su.

To shi ya rusa daular?

Dokokin sun ci gaba bayan tafiyarsa, kuma kuɗi kam sun taru har sai da aka gina sababbin ɗakunan ajiya. Sarki ya kwashe su ya yaƙi Xia ta Yamma, aka sha kashi a 1081 da 1082. Ya rasu a 1085 ya bar yaro ƙarami, mahaifiyar Shenzong, Gao, wato kakar yaron, ta riƙe mulki ta kira Sima Guang, shi kuma ya shiga soke komai ba zaɓe. Har dokar aikin hukuma, wadda Su Shi da kansa ya ce a bar ta don tana da amfani, Sima ya ce a soke cikin kwana biyar. Kun san wa ya cika umarnin a kan lokaci har aka yaba masa? Mai riƙe da Kaifeng, Cai Jing. Wannan Cai Jing ɗin ne daga baya ya zama waziri a zamanin sarki Huizong da sunan shi magajin Wang ne, ya mayar da dokokin injin tatsar jama'a, a 1104 ya sa aka sassaƙa sunayen 'yan adawa 309 a kan dutse aka hana zuriyarsu muƙami.

Da Jurchen, wata ƙabila daga arewa maso gabas, suka ci Kaifeng a 1127 suka tafi da sarki, waɗanda suka tsira zuwa kudu suna buƙatar wanda za a ɗora wa laifi, kuma ba a zagin sarakuna, sai aka bi ta kan Cai Jing aka gangara har kan Wang, mutumin da ya yi shekara 41 a kabari. Wannan hukuncin ne ya shiga littattafan tarihi ya zauna ɗaruruwan shekaru, sai a 1908 Liang Qichao, wanda shi ma ɗan neman gyara ne, ya rubuta tarihinsa ya wanke shi. Kowane zamani dai da Wang ɗin da yake buƙata.

Cewa shi ya rusa Song zalunci ne, sakacin Huizong da ƙawancen da ya ƙulla da Jurchen ɗin sun fi kusa da dalili. Ɗan gurguzu kuma ba shi ba ne, mutumin da ke karɓar ruwa kashi 20 don sarki ya samu kuɗin yaƙi. Abin da za a iya ɗora masa shi ne gabar da ya bari a fada, inda duk ɓangaren da ya hau sai ya share ɗayan, aka yi ta haka kusan shekara hamsin, manomi na tsakiya yau a ce ya biya kuɗi gobe a ce ya fito aiki.

Wang ya rasu a 1086 yana ganin ana rushe aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Sima Guang a lokacin shi ma yana kwance ba lafiya, da labari ya iske shi sai ya rubuta wa abokin aikinsa Lu Gongzhu cewa mutumin nan a rubutu da tsare mutunci ya wuce mutane da yawa, illarsa kawai ba ya jin magana, kuma yanzu da ya mutu 'yan fuska biyu za su yi ta zaginsa, don haka fada ta karrama shi sosai. Aka yi hakan. Bayan wata biyar shi ma Sima ya bi shi.